Ƙari da Ragi

Shagona yana gindin tudun Barón, a Valparaíso,
inda keken hawa tudu ke kuka kamar ƙofar da ta manta mai.
Tsakanin mai kifi da mai gyaran agogo nake,
ni da wata kwamfutar tebur, fara a da, yanzu ruwan ƙasa,
da na'urar ƙona faifai
mai zaro harshe in an taɓa mata haƙarƙari.

Ran Talata Herminia Quilodrán ta shigo,
ruwan sama a kafaɗunta.
Ta kwance gyale, ta kwance leda, ta kwance takardar burodi,
sai ga faifai.
An rubuta a bayansa da shuɗin alƙalami: Mama, daga teku.
"Injina ya ce babu komai ciki.
Sau bakwai na sa, sau bakwai ya tofo."

Na ɗaga shi ga fitila.
Ga zoben ƙuna nan, bai kai faɗin farce ba,
ya taso daga cibiya ya tsaya.
Na ce, akwai abu ciki.
Dubi nan, bayan haruffan nan uku, alamar ƙari ce.
Injinki tsoho ne, alamar ragi kaɗai ya sani.
Girmansu ɗaya, ƙyallinsu ɗaya, kusan kuɗinsu ɗaya a kanti,
amma kama da wane ba wane ba ne.
Manyan kamfanoni suka yi rigimarsu can nesa,
ba su tambaye ki ba,
ni ma ba su tambaye ni ba.

Ta ce, "Nibaldo, ban yi nisa a lissafi ba.
Ɗana nake son gani."

Tawa na'urar tana jin yaren duka biyun.
Ta haɗiye faifan, ta yi gurnani, ta yi shiru,
ta kwashe abin da ke ciki.
Na ɗauko sabo mai ragi daga ƙasan tarin,
na sa shi a tafiyar hawainiya,
don sauri ya haifi nawa, na sha gani.
Muna tamanin da uku cikin ɗari
wuta ta ƙyafta ido.
Shi ke nan. Wannan ba a goge shi, ba a sake shi.
Na huda shi a zuciyata tun kafin in sa masa zare,
zai je taga wurin 'yan'uwansa
su riƙa korar tsuntsayen teku.

Na biyu ya kai ƙarshe.
Na jona tsohon injin da nake ajiyewa don irin wannan rana.

Minti tara ne.
Bakwai daga ciki ruwa ne kawai, toka-toka,
da iska tana dukan makirufo.
Sai wani babban yatsa. Sai rabin gemu.
Sai Eleuterio, hularsa a karkace, yana cewa,
"Yana ɗauka kuwa? Ban ga jar fitilar ba."
Ya yi dariya. Ya ce abincin jirgin ba gishiri.
Ya buɗe baki zai ƙara, hoton ya yanke.

Ba ta yi kuka ba.
Ta ce, "Ya rame." Ta ce, "Mayar baya."
Na mayar sau uku. Mai kifi ya leƙo, ya cire hula, ya koma.

Da za ta tafi na ce, wani abu kuma:
na asalin, bai rufe shi ba.
Akwai fili da yawa, ga shi nan fari fat har baki.
In kina so in rufe, minti biyu ne,
zai fi karantuwa a wasu injina.

Ta karɓe shi daga hannuna,
ta naɗe a takardar burodi, a leda, a gyale.
"Bar shi a buɗe.
Bai gama magana ba."

Ta biya kuɗin faifai ɗaya.
Na biyun, mai lilo a taga yanzu,
ban sa shi a lissafi ba.